Hannun Illa na Dama

Ran sunan jikanyata anka kira wani yaro ya yi muna kiɗa da piyanon nan naku na lantarki, wanda ake ɗaurewa bayan kabu-kabu kamar buhun gawayi. Ya kafa shi bisa ƙarafuna, ya danna wani wuri, ganga ta tashi ita kaɗai babu makaɗi. Sai da ya naɗe hannun riga na ga ya ɗaure wuyan hannunsa na dama da robar keke, tamau, har jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu. Wallahi ban san sa'ad da na tashi ba. Ni da sai an kama ni nake miƙewa, sai ga ni a kansa ina fizgar robar nan ina ihu, mata sunka watse, sun ɗauka tsohon ya taɓu. Yaron ya ce, "Baba, lahiya? Ciwo shika yi mini, in na ɗamre sai in samu ƙarhi." Ƙarfi! To ku zauna, kai da abokanka masu ganin kiɗan piyano danne-danne ne kawai, in gaya muku abin da na gani da idona a garin nan na Tawa.

Aikin farko da ya haɗa ni da piyano ba kiɗa ba ne, gara ce. Na taho daga Kalfu ina koyon kafinta, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sai maigidana ya aike ni kulob ɗin da Nasara ke shan iska da can, wanda ma'aikatanmu sunka gada. Wai gara ta ci gindin wani akwati. Na tarar da baƙin abu ya kai mini ƙirji, matar wani kumandan ta sa anka kawo shi da kamiyo, babbar motar kaya, da za su koma ƙasarsu nauyinsa ya sa sunka bar shi. Wani gajeren mutum mai tumbi yana tsaye kusa da shi kamar mai jinya. Shi ne Mushe Kojo, mutumin Dahome, komi ne, wato akawu, a gidan posta. Ya cire allon gaba don in ga inda zan sa sabon katako. La'ilaha illallahu! Tsirkiyoyi na ƙarfe jere ba iyaka, ga ƴan guduma masu kan ulu, kowace da haƙorinta a waje, fari ko baƙi. Ya taɓa haƙori guda, guduma ta tashi ta bugi tsirkiya ta koma. Na yi aikin yini guda a cikin kwanaki da yawa, don kada a ce na gama in tafi.

Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: makullin ɗaure tsirkiya, ƴar filaya, guntun fensir da yake gogawa inda katako ke cizon katako, da tsumma. Sai kwanon ruwa da yake ajiyewa cikin gindin akwatin da bazara, don iskar Adar busar da itace take yi har ya tsage. Ni anka ɗora wa cika kwanon nan. Ta haka na samu hanyar zama, har ran nan ya ce in sa hannu.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai Illa, ɗan Baba Tanko mahauci, wanda ke kawo naman da ake gasa wa ma'aikata. Ya girme ni kaɗan, ɗan dambe ne sananne, hannunsa na dama duk tsagar magani ce daga wuyan hannu har gwiwa. Amma kunnen da Allah ya ba bawan nan! Sau ɗaya zai ji waƙa a rediyo, ya ajiye tiren nama, ya wanke hannu, ya zauna ya lalubo ta. Abin da nake kwashe mako ina fama da shi, shi kafin nama ya gasu ya iya. Yana ce mini Kafinta, ina ce masa Sarkin Fawa, kullum muna cikin tsiya.

Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ku ji yadda anka koya muna. Kafin Mushe Kojo ya bari mu yi waƙa ko guda, sai da ya sa na rage ƙafafun benci da zarto har gwiwar hannuna ta yi daidai da haƙoran piyano, tafin ƙafata ya zauna ƙasa sosai. Sa'an nan ya aika anka sayo dawon fura mai laushi, ya sa wa kowa curi guda a tafin hannu, ya ce mu kife hannun mu riƙe shi. Bayan ɗan lokaci ya karɓa ya duba. In ya ga shaidar yatsa a jikin furar, to ka matse, a sake. Haka yake son hannu ya zauna bisa haƙora, a dunƙule amma ba a damƙe ba. Curin Illa kullum fitowa yake yi ta tsakanin yatsu, Mushe ya riƙe kai yana cewa, "Dusma, yaro na, a hankali! Wannan ba wuyan bijimi ba ne!"

Yana da wata jarrabawa da muke ƙi. Kana cikin kiɗa sai ya zagayo ya sa tafinsa ƙarƙashin wuyan hannunka ya ɗaga, ya ce ka bar masa nauyin duka, sai ya janye ba zato. In hannun ya faɗi bisa cinyarka yaraf, ka ci. In ya tsaya a sama, to kana riƙe da shi ne ba ka sani ba, kuma wannan riƙon shi ke cin mutum. Ya ce ƙara ba daga yatsa take fitowa ba, daga nauyin hannu ne tun daga kafaɗa. Da ya rasa Hausar da zai faɗa, ni na taimake shi: ai kamar sakin guga ne a rijiya, ba jifa ake yi ba, saki ake yi nauyinsa ya kai shi. Ya yi murna har ya buga mini baya. Yakan duba kafaɗa ko ta hau kunne, ya duba muƙamuƙi ko kana cizon haƙora, ya saurara ko ka daina numfashi a wurin da waƙa ta yi wuya. In ka ce wani wuri na yi maka zafi, nan take zai rufe marfin. Ba lallashi, ba ƙarin minti. Ka je ka sa hannu a ruwan ɗumi, gobe a nemo abin da ka yi ba daidai ba. Illa ya tsani wannan rufe marfin. A gidansu namiji ba ya cewa zafi.

Masu saurarenmu a lokacin ba su da yawa: malaman lakwal, wato makarantar boko, ma'aikatan asibiti, na dabbobi, ƴan kwastan da matansu, ran Lahadi bayan la'asar. A cikin ɗaki ake yi, ga bango huɗu suna maido da sauti, ko a hankali ka taɓa kowa ya ji. Wani ya ce rumba, wani ya ce waƙar garinsu, ya rera maka baiti guda da muryar da ko jaki ba zai yarda da ita ba, kuma dole ka gane ta.

Sai muguwar shekara ta zo. Manyan ƙasarmu da na Dahome sunka saɓa, anka ce ma'aikatan can su koma gida. Mushe Kojo ya haɗa kayansa cikin gaggawa. A bakin kamiyo ya ba ni makullin tsirkiya da filaya, ya kama hannun Illa na dama da hannu biyu ya girgiza shi ya ce, "Wannan ya fi nawa. Kar ka kashe shi." Munka yi dariya, mun ɗauka irin Hausarsa ce.

Bayan tafiyarsa komi ya sake. Ƴan kulob sunka ce yanzu ƙasa tamu ce, ba za a riƙa kulle kiɗa a ɗaki kamar zamanin Nasara ba, a fito da shi fili kowa ya ji. Magana ce mai kyau, ni ma na yi murna. Ƙarti sunka ciccibo piyano sunka dire shi ƙarƙashin itacen bedi, anka ƙaro masu ganga da kalangu da wani tsohon soja mai ƙaho. To a fili babu bangon da zai maido da sauti, kuma wa ya isa ya yi gasa da ganga? Mutane sunka fara kira, "Ba mu ji! Illa, buga mana!" Ga damina ta shigo, katako ya sha raɓa ya kumbura, haƙora sunka yi nauyi, waɗansu in ka danna ba su dawowa. Na goga fensir har na gaji, ilimina bai kai can ba. Ni dai na tsaya inda anka koya mini, ba a ji na, anka daina kirana. Illa kuwa ya tashi tsaye, ya ture benci da ƙafa, ya riƙa sauke wa haƙoran nan hannu kamar yana filin dambe. Jama'a ta haukace, mata na guɗa, ana liƙa masa goro a aljihu.

Ba a yi wata biyu ba na ga yana yarfe hannu tsakanin waƙa da waƙa. Na ce, "Sarkin Fawa, rufe marfin nan. Ka san abin da Mushe zai ce."

Ya ce, "Mushe na Dahome. Wanga ba ciwo na ba, ƙarhi na shika shiga."

Na ce, "Ƙarfin da ke hana ka riƙe kofin shayi?"

Ya ce, "Kai dai hassada ka kai, Kafinta, don an bar kiranka."

Wannan ta yi mini zafi ƙwarai. Sai ran nan ya zo da hannu a naɗe. Ya kai kuka wurin mahaifinsa, shi kuwa Baba Tanko abin da ya sani ya yi masa, kuma da ƙauna ya yi. A wurinsu in hannun bugu ya yi rauni, wanzami ake kira ya yi sabuwar tsaga a cusa magani, a naɗe da ƙyalle, a bi da zaren nan mai ƙulle-ƙulle na ƴan dambe da suke kira kara, a ja shi tamau. Haka anka yi wa Illa, sai dai anka bar masa yatsu a waje don ya yi kiɗa. Kuma abin takaici, ya yi aiki! Zafin ya kwanta, wuyan hannu ya sandare kamar taɓarya, ƙara ta ninka. Mutane sunka ce Illa ya sha sabon magani.

Abin da ba wanda ya tsaya ya lissafa, ɗan dambe yana ɗaure kara ne ya shiga fili, hannu a dunƙule ba abin da ke motsi a ciki, in an tashi ya kwance. Shi kuwa Illa yatsu biyar ke gudu ƙarƙashin ɗaurin nan, jijiya na gogar zare kamar yadda igiya ke cin itacen bakin rijiya. Kuma da ya ga in ya kwance zafin na dawowa ninki, sai ya daina kwancewa. Da shi yake kwana, da shi yake tashi. Alwala ma shafa yake yi a bisa, wai ai rauni ne.

Ana cikin haka Malam Sule, amfirmiyen asibiti, wato nas, mutumin Damagaram, zai yi aure. Shi ne kan gaba wajen fito da piyano fili, kuma ya ce bikinsa ba ya son kowa sai Illa, don baƙinsa su ga Tawa ma gari ce. Ana saura ƴan kwanaki na je da hantsi in gyara haƙoran da ke maƙalewa, Illa na zaune yana bita. Tun daga ƙofa wani wari ya tare ni. Na ce shi ke nan, ɓera ya mutu cikin akwatin nan. Na ce masa ya matsa, na cire allon sama, na cire na ƙasa, na fitar da kwanon ruwa, na kwanta rub da ciki ina leƙa bayan feda, ina zagin ɓeran da uwarsa. Ba ɓera, ba ƙadangare, ba komi. Na mayar da alluna. Ya dawo ya zauna, wari ya dawo.

Sai na lura da ƙudaje. Irin koren nan na mahauta. Na ɗauka rigarsa suke bi, ai ɗan fawa ne. Amma ba riga suke bi ba. In hannun dama ya yi sama wajen ƙananan muryoyi, su bi shi, in ya dawo su dawo. Na kasa kunne kuma na ji waƙar tana da giɓi, wasu muryoyi ba su fita. Na duba, autan yatsansa da mai bi masa jan su kawai yake yi bisa haƙora, ba su ɗagawa, launinsu ya koma kamar toka.

Na ce, "Illa, yaushe rabonka da kwance hannun nan?"

Ya ce, "Bayan biki."

Na ce, "Ba ka jin warin?"

Ya ci gaba da kiɗa. Na ɗauki ƙusa daga aljihuna na soka masa a autan yatsan nan, da gaske na soka, har jini baƙi ya ɗan fito. Bai ko waiwayo ba. Sai da ya ga ina kallon wurin ya bi idona. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Illa ba sai ran nan. Ya ce da ƙaramar murya, "Kafinta, sake sokawa." Na sake. Ya ce, "Ban ji ba."

Na ja shi har asibiti, rabi tafiya rabi kokawa. Malam Sule ya tarbe mu da fara'a yana cewa ga makaɗan ango, sai warin ya kai masa. Ya sa almakashi ya fara yanke kara, ƙulli bayan ƙulli. Zaren ya nutse cikin nama har ba a ganinsa, sai da ya riƙa zaro shi da hantsaki. Da ƙyallen ya ɗago, fata ta biyo shi. Tsagar nan duk sun ruɓe sun haɗe sun zama rami guda, mugunya na kwarara cikin tasa. Ni da nake ganin ana fiɗar raƙumi a kasuwa ko a jikina, na fita waje na yi amai. Ina jin Malam Sule yana ta salati yana cewa, "Da wannan hannun kake yi muna kiɗa? Da wannan? Mu kuma muna cewa ka ƙara!"

Baba Tanko ya iso da wuƙarsa a ɗamara, ko wanke hannu bai yi ba. Ya dubi hannun ɗansa ya daɗe. Ya ce, "Likita, haka ubana yaɗ ɗamre min nau, haka ni ɗamre ma ƙannena. Ba a taɓa ganin haka ba."

Malam Sule ya ce, "Baba, naku dunƙulewa kuke yi, kuma kuna kwancewa."

Tsohon ya zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe.

An so a yanke hannun. Malam Sule ya tsaya kai da fata ba za a yanke ba, kullum shi ke wankewa da kansa safe da yamma, har ranar ɗaurin aurensa sai da ya zo da babbar riga ya yi wankin sa'an nan ya tafi. Allah ya sa hannu ya tsira. Amma yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafi, ba su sake miƙewa ba, sauran biyun ko allura ba su ɗauka. Ba dambe, ba fiɗa, ba kiɗa, yana saurayi.

Ran bikin ni anka ce in zauna. Na ce sai dai a mayar da piyano cikin ɗaki a buɗe tagogi, masu ganga su yi nasu a waje in mun huta. Ba wanda ya yi gardama. Na fara ina kame-kame, don ban iya rabin waƙoƙin da ake so ba. Sai na ji an ture ni. Illa ne, hannu rataye a wuya da ƙyalle, fuska duk ta faɗa. Ya ce, "Matsa, Kafinta, kana kashe waƙar mutane. Riƙe sama, ni in riƙe ƙasa." Ya zauna ta hagu ya sa hannunsa na hagu, ni na sa na dama. Munka yi karo, munka yi tuntuɓe, can sai abin ya hau. Kuma a hankali yake taɓawa, kafaɗa a sake, yadda Mushe ya yi ta roƙonsa ya ƙi.

Haka munka ci gaba shekara da shekaru, benci guda mutum biyu, har yaran Tawa sunka tashi sun ɗauka haka ake kiɗan piyano. Wani baƙo ya taɓa zuwa daga Yamai ya zauna ya yi shi kaɗai, wata tsohuwa ta matso ta yi masa gaisuwa, ta ce Allah ya ji ƙan ɗan'uwan nasa. Illa ya yi dariya har da hawaye. In muna kiɗa ya ga kafaɗata ta fara hawa, sai ya sa mataccen hannun nan ƙarƙashin wuyan hannuna ya ɗaga ya janye. Duk wanda ya zo koyo wurinmu, kafin a ba shi curin fura, Illa zai ɗora masa hannun a cinya ya ce ya dube shi da kyau. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bayan Illa ya rasu anka kira ni wani biki, na je. Na zauna, sai wani ya ce, "Malam Hamidu, matsa tsakiya mana." Ashe a gefen dama na zauna, na bar masa wurinsa. Na matsa. Na ɗora hannun hagu bisa haƙora, lafiyayyen hannu, ba ciwo ba komi, ya tsaya yana jira a gaya masa abin da zai yi. Rabonsa da kiɗa tun ran auren Malam Sule. Na yi, na yi, ya ƙi. Na rufe marfin na ba mutane haƙuri, ban sake zama gaban piyano ba. Zaren nan hannu guda anka ɗaure da shi, amma biyu ya ci.

To kai mai roba, miƙo hannun nan. A'a, kar ka ɗaga mini, ni zan ɗaga. Saki. Na ce saki, yaro, har yanzu kana riƙe da shi.